Ma'aikata za su iya mallakar masana'anta su tafiyar da ita da kansu?

Tambaya: Malam, kullum muna jin ana sukar jari-hujja, amma da an ce to mene ne madadinsa sai a yi shiru, ko a ambaci gurguzu, wanda kowa ya ga yadda ya ƙare a Tarayyar Sobiyet. Akwai wurin da ma'aikata suka mallaki masana'antu da kansu kuma abin ya ɗore? Yaya suke raba iko da kuɗi? Kuma me hakan ke tsinana wa talakan da ke wata ƙasa?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma wurin da ya fi cancanta a duba shi da kyau shi ne Mondragon, wani gari a cikin duwatsun yankin Bask da ke arewacin Sifaniya. A yau akwai ƙungiyoyin gama kai kimanin 80 a ƙarƙashin wannan suna, da ma'aikata wajen 70,000. Suna ƙera kayan mota da injinan masana'antu, suna da banki, da manyan kantuna masu suna Eroski, da jami'a. Kada ka ɗauka sun fita daga kasuwa. A kasuwar da kowa ke ciki suke saye da sayarwa, kuma idan kayansu ba su da kyau ba mai saya. Abu biyu suka sauya: wa ke da ƙuri'a, kuma rarar kuɗi hannun wa take faɗawa. A kamfanin jari-hujja ƙuri'a tana bin hannun jari, mai kashi 60 cikin 100 shi ke yanke hukunci ko da bai taɓa shiga ɗakin injin ba. A tsarin Sobiyet jami'in gwamnati ne ke yankewa. A Mondragon ƙuri'a tana bin aiki, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya.

Wani limamin Katolika mai suna José María Arizmendiarrieta ne ya isa garin a 1941, bayan yaƙin basasar Sifaniya ya bar yankin cikin yunwa da mulkin kama-karya na Janar Franco. A 1943 ya buɗe makarantar koyon sana'a da gudummawar mutanen gari. Sai a 1956 ɗalibansa biyar suka kafa masana'antar farko, Ulgor, suna ƙera risho da na'urar ɗumama ɗaki mai amfani da kananzir. Lura da tazarar: shekara 13 ana horar da mutane kafin a kunna injin farko. Yawancin masu son kwaikwayon Mondragon wannan ɓangaren suke tsallakewa.

Tsarin iko ba shi da wuyar fahimta. Babban taron 'yan ƙungiya shi ne kan gaba, yana zama aƙalla sau ɗaya a shekara, ya amince da lissafin kuɗi da tsarin shekara mai zuwa. Taron ne ke zaɓen majalisar gudanarwa daga cikin ma'aikatan, majalisar kuma ta naɗa manaja, tana kuma iya sauke shi. A ranar aiki manaja na ba da umarni a bi, ba a kaɗa ƙuri'a kan kowane ƙusa. Amma ya san waɗanda yake ba umarnin su ne za su duba aikinsa a ƙarshen shekara. Akwai kuma majalisar walwala, wadda kowane sashe ke tura wakili, tana magana kan lokutan aiki, lafiya da matakan albashi, sai ƙaramin kwamitin binciken kuɗi.

Inda hikimar take sosai shi ne wajen kuɗi, kuma a nan zan daɗe, don a nan ƙungiyoyi ke rayuwa ko su mutu.

Wanda zai zama ɗan ƙungiya yakan yi zaman gwaji tukuna, sannan ya zuba kuɗin shiga, wanda a shekarun baya ya kai wajen yuro 15,000. Ba a neman ya kawo su a dunƙule, ana iya cira daga abin da yake karɓa a hankali. Mafi yawan kuɗin ana rubuta su ne a wani asusu da sunansa a cikin littafin ƙungiya. Wannan asusu ba hannun jari ba ne. Ba ya iya sayar da shi ga wani, ba ya ƙara masa ƙuri'a, kuma ba ya tashi don darajar masana'anta ta tashi a kasuwa. Abin da yake karɓa duk wata kuma ana lissafa shi ne a matsayin kafin-alƙalami daga abin da ƙungiya za ta samu a shekarar, shi ya sa idan shekara ta yi tsanani babban taro na iya rage shi da ƙuri'ar su masu karɓar.

A ƙarshen shekara, bayan an biya komai, rarar da ta saura kashi uku ake yi mata. Wajen kashi 10 cikin 100 na tafiya ga ilimi da ayyukan al'umma. Aƙalla kashi 20 na shiga asusun ajiya na bai-ɗaya, kuma ƙungiyoyi da yawa suna zuba fiye da haka. Wannan asusun ba na kowa ba ne, ba a raba shi ko da mutum zai tafi. Sauran ne ake raba wa 'yan ƙungiya, gwargwadon aikin da kowa ya yi a shekarar, ba gwargwadon abin da ke asusunsa ba. Ga misali da naira don lissafin ya fito fili. A ce maɗinka 20 ne, jimillar abin da suka karɓa a shekara miliyan 20, rarar kuma miliyan 10. An cire miliyan 1 don ilimi, miliyan 4 don ajiya, saura miliyan 5. Wanda ya karɓi miliyan 1.2 a shekarar ya yi kashi 6 cikin 100 na aikin ke nan, rabonsa 300,000. Amma ba a miƙa masa su a hannu. Ana ƙara su ne a asusunsa, kuɗin su ci gaba da juyawa a cikin masana'anta, a sayi sabon inji da su. Idan asara aka yi, da wannan ma'aunin ake zaftare asusun kowa. Sai ranar da ya yi ritaya ko ya bar aiki ake biyan sa, kuma ƙungiya na da damar biya kashi-kashi cikin 'yan shekaru don kada ficewar mutum biyar a lokaci ɗaya ta kwashe jarin.

Me ya sa aka sha wannan wahala, ba a raba hannun jari kawai ga ma'aikata ba? Saboda an ga abin da ke faruwa idan an yi haka. A arewa maso yammacin Amurka, tun daga 1921, ma'aikata sun kafa masana'antun katakon filawud, kowa da hannun jarinsa mai sayuwa. Da suka yi nasara sai darajar hannun jarin ta hau har saurayi mai neman aiki ba zai iya saya ba. Masu ritaya suna son kuɗinsu, sababbin shiga ba su da shi, sai aka koma ɗaukar 'yan ƙwadago marasa ƙuri'a, daga baya wasu aka sayar da su ga manyan kamfanoni. Nasarar ce ta cinye su. Asusun da ba ya sayuwa da ajiyar da ba ta rabuwa su ne suka toshe wannan ƙofa, domin babu wanda zai yi arziki da sayar da masana'antar, don haka babu mai kwaɗayin sayarwa.

Abu na biyu da ya raba Mondragon da sauran shi ne ba su bar kowace ƙungiya ta tsaya ita kaɗai ba. A 1959 suka kafa bankinsu, Caja Laboral, wanda ya tattara ajiyar mutanen yankin ya zuba a ƙungiyoyin. Bankin na da sashe na musamman da ke zama da masu son kafa sabuwar ƙungiya, a yi nazarin kasuwa da kayan da za a ƙera na tsawon lokaci kafin a ba da ko sisi, sannan a ci gaba da duba littattafansu. Da gwamnati ta cire 'yan gama kai daga inshorar ma'aikata bisa hujjar cewa masu zaman kansu ne, sai suka kafa tasu, Lagun Aro, mai kula da lafiya da fansho. Ƙungiyoyin da ke rukuni ɗaya suna haɗa wani kaso na ribarsu, tsakanin kashi 15 zuwa 40, a tallafi wadda ta yi asara. Idan kuma aiki ya ragu a wata masana'anta, ana mai da mutanenta wata da ke kusa, wanda bai samu gurbi ba tukuna asusun ya riƙa biyan sa mafi yawan abin da ya saba karɓa. Tsintsiya ce, ƙarfinta a ɗaurin yake.

Ba a rasa rigima ba. A 1974 wasu ɗaruruwan ma'aikatan Ulgor suka yi yajin aiki kan sabon tsarin auna matakan albashi, a masana'antar da a takarda tasu ce. An kori jagororin, daga baya aka mai da su. Abin da ya fito fili shi ne Ulgor ta yi girman da ƙuri'a sau ɗaya a shekara ba ta isa mutum ya ji ana jin muryarsa ba. Daga nan aka ƙarfafa majalisar walwala, aka kuma fi son a tsaga ƙungiya gida biyu idan ta kumbura. Tazarar albashi ma ta motsa. Da farko mafi girma bai wuce ninki 3 na mafi ƙanƙanta ba, daga baya aka kai ninki 6 don injiniyoyi da manajoji na guduwa zuwa kamfanonin da ke biya da tsoka. Duk da haka tazarar ba ta kusa da ta manyan kamfanonin Amurka, inda shugaba ke ɗaukar ninki ɗaruruwa.

Yanzu ga ɓangaren ƙarshe na tambayarka, wanda a ganina shi ne mafi nauyi, kuma a nan Mondragon ta gaza.

Ulgor ita ce ta zama Fagor Electrodomésticos, mai ƙera firji, injin wanki da murhu. Da Sifaniya ta shiga kasuwar Turai a 1986, gasa ta yi zafi, sai Fagor ta zaɓi ta girma ta hanyar sayen kamfanoni a waje. Ta sayi Wrozamet a Polan a 1999, ta sayi Brandt a Faransa a 2005, tana da masana'antu a Maroko, Italiya da Sin. Da bashi aka yi yawancin wannan. A 2008 kasuwar gine-gine ta Sifaniya ta rushe, kuma wanda bai sayi sabon gida ba ba ya sayen sabon murhu. Ga kayan Asiya masu araha sun cika kantuna. Sauran ƙungiyoyin Mondragon sun zuba mata wajen yuro miliyan 300 cikin 'yan shekaru, 'yan Fagor sun rage wa kansu albashi, amma a Oktoban 2013 da ta nemi ƙarin miliyan 170 sai aka ce a'a, don kada ta ja kowa cikin ramin. Ta durƙushe da bashin da ya haura miliyan 800.

Duba yadda asarar ta rabu. Fagor na da ma'aikata kimanin 5,600, amma wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai 'yan ƙungiya. Waɗannan sun yi asarar abin da ke asusunsu, wanda ga wasu tarin shekara talatin ne, amma yawancinsu an sama musu gurbi a wasu ƙungiyoyin ko an ba su ritayar wuri. Ma'aikacin Polan da na Faransa da na Maroko ba shi da ƙuri'a ranar da aka yanke shawarar cin bashin, ba shi da Lagun Aro ranar da abin ya fashe. A wurinsa Fagor ubangida ce kamar kowane ubangida. Kuma ba Fagor kaɗai ba, ƙungiyoyin Mondragon na da rassa fiye da 100 a ƙasashen waje, kusan dukansu kamfanoni ne na yau da kullum. Hujjojin da ake bayarwa suna da ƙamshin gaskiya: dokokin gama kai sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ma'aikacin waje ba lallai ya iya ko ya so zuba kuɗin shiga ba, wasu rassan kuma da abokan hulɗa aka kafa su. Amma akwai dalilin da ba a cika faɗa ba. Idan aka ba dubban ma'aikatan waje ƙuri'a, wata rana za su iya rinjayar waɗanda suka kafa gidan, su ce a rufe masana'antar Bask a bar ta Polan. Dimokuraɗiyyar da ta tsaya a bakin iyaka tana iya zama kulob na masu gata, kuma duk mai son wannan tsari da gaske bai kamata ya rufe ido a kan haka ba.

To me ke aiki idan an ƙetare iyaka? Abin da tarihi ya nuna shi ne zumuncin da aka rubuta, aka sa hannu, kuma akwai inda za a kai ƙara idan an saɓa. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a kusa da Dhaka, a Bangaladash, ya kashe mutum 1,134, yawancinsu mata masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka. An ga tsagewar bango tun ana gobe, aka ce su koma bakin aiki. Kafin wannan rana kamfanonin tufafin suna da ƙa'idojin ɗa'a da suka rubuta wa kansu, da masu duba masana'antu da su suke biya, kuma hakan bai hana komai ba. A watan Mayu na shekarar, ƙungiyoyin ƙwadago na duniya biyu, IndustriALL da UNI, tare da na Bangaladash, suka sa kamfanoni sa hannu kan yarjejeniyar kariya daga gobara da ruftawar gini, daga baya masu sa hannun suka haura 200. Bambancinta da na baya a sarari yake. Injiniyoyin da ke dubawa ba a ƙarƙashin kamfani suke ba. Ana wallafa rahoton kowace masana'anta kowa ya gani. Ma'aikaci na da haƙƙin ƙin shiga wurin da ke da haɗari. Kamfanin da ke sayen kayan dole ya tabbatar akwai kuɗin gyara, kuma idan ya noƙe ana iya gurfanar da shi gaban masu sasanci da hukuncinsu ke da ƙarfin doka. An yi hakan kuwa: a farkon 2018 wani kamfani ya yarda ya biya dala miliyan 2.3 don gyaran masana'antun da ke masa ɗinki. An duba masana'antu fiye da 1,600, aka sa ƙofofin gobara, aka cire makullan da ake garƙame ma'aikata da su, aka gyara wayoyin lantarki. Yarjejeniyar ba ta taɓa albashi ba, ba ta kuma ba kowa mallaka ba. Abin da ta yi shi ne kare rayuka, kuma ta nuna yadda ake ɗaure mai ƙarfi a wata ƙasa da alkawarin da ya yi wa mara ƙarfi a wata.

Ta fuskar mallaka kuwa, misalin na kusa da mu ne. Manoman koko a Ghana sun kafa ƙungiyar gama kai mai suna Kuapa Kokoo a 1993, kuma abin da ya fara jawo musu mutane shi ne sikeli: manoma ne ke zaɓen mai awo a ƙauyensu, kowa na iya duba cewa ba a danne shi ba. A 1998 suka shiga cikin kafa kamfanin cakulan a Ingila, wanda aka sani da Divine, suna da kujeru a hukumar gudanarwarsa, hannun jarinsu ya kai wajen kashi 45. Manomi ya samu rabo daga inda ribar gaske take, wato wajen sarrafawa da sayarwa. A 2020 wani kamfanin Jamus ya sayi mafi yawan Divine, rabon Kuapa ya koma kashi 20. Ƙaramin kamfani a kasuwar da ƙattai suka mamaye yana buƙatar jarin da manoma ba su da shi, matsalar Fagor ce ta dawo ta wata ƙofa.

Gwamnati na da rawar takawa, amma akwai rawar da ke kashewa. Italiya ta yi dokar Marcora a 1985, wadda ta ba ma'aikatan kamfanin da zai rufe damar karɓar kuɗin rashin aikinsu a dunƙule su sayi kamfanin, wani asusu na musamman kuma ya ƙara musu jari. Jamus tun 1976 ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata fiye da 2,000 ya ba wakilansu rabin kujerun majalisar da ke sa ido kan shugabannin kamfanin. Wannan buɗe hanya ne. A Tanzaniya kuwa, inda ƙungiyoyin manoman kofi da auduga suka yi ƙarfi tun kafin 'yancin kai, gwamnati ta rusa su a 1976 ta miƙa aikinsu ga hukumominta, kuma ko da aka dawo da su bayan 'yan shekaru ba su koma yadda suke ba. Ƙungiyar da jami'i ya kafa don a raba taki ko bashin gwamnati takan watse ranar da rabon ya ƙare.

Idan kai da abokan sana'arka kuna son gwadawa, doka ba za ta hana ku ba. A Nijeriya mutum 10 sun isa su yi rajistar ƙungiyar gama kai a ofishin daraktan gama kai na jiha. A Nijar, Kamaru da Chadi dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, ce ke aiki, mutum 5 sun isa ga ƙaramar ƙungiya, 15 ga mai majalisar gudanarwa. Al'adar ma ba baƙuwa ba ce ga mutanen da suka san gayya da adashi, kuma a yankin Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tsarin asusun mata da ya bazu ƙasashe da dama. Sai dai adashi rabawa ake yi a tashi, masana'anta kuwa tana buƙatar kuɗin da za su zauna. Don haka tun ranar farko ku rubuta kason da ba za a taɓa rabawa ba, da yadda za a biya mai fita da tsawon lokacin biyan, da wa'adin da ɗan ƙwadago zai yi kafin a ba shi damar zama cikakken ɗan ƙungiya. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, kuma shi ke mai da waɗanda suka fara su zama iyayen gida. Kada mai ajiyar kuɗi ya zama shi ne mai rubuta littafi, kada a cire kuɗi daga banki da sa hannun mutum ɗaya, kuma a karanta lissafi a bainar taro da harshen da kowa ke ji. Mondragon na biyan kuɗin ruwa kaɗan a kan asusun 'yan ƙungiya. Wanda addini ya hana shi wannan zai iya barin sa gaba ɗaya, tunda ginshiƙin tsarin, wato a raba riba a kuma ɗauki asara tare, ya yi kusa da abin da malaman fiƙihu ke kira musharaka, amma a zauna da malami masani kan yadda za a rubuta rabon asarar, domin a fiƙihu asara tana bin gwargwadon jarin kowa ne.

In kuma hulɗar za ta ƙetare iyaka, a ce manoman albasar Galmi da 'yan kasuwar Kano, ku sani ƙungiya biyu ce a ƙarƙashin doka biyu da kuɗi iri biyu. A rubuta da wane kuɗi aka yanke farashi, sefa ko naira, da canjin wace rana za a bi. A rubuta wanda ke da ikon duba littafin ɗaya ɓangaren, da wanda za a kai wa ƙara idan an saɓa. A kuma rubuta wa zai ɗauki asarar kayan da suka ruɓe a mota idan an rufe iyaka, kamar yadda aka rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023.